Ranar da Dillalin Shanu Ya Yi Cinikin Jikana

Alhaji Ya'u Indabawa ne ya cuci jikana. Na faɗa a unguwar Asata a nan Inugu, na faɗa a bakin kasuwar Ogbete inda nake suyar waina, na faɗa a ƙofar masallaci ranar Juma'a har ladan ya leƙo ya ce in rage murya. Yanzu ina sake faɗa don wanda bai ji ba ya ji. Na san ƙanen marigayi mijina ne, ba sai an tuna min ba. Lokacin da aka kawo ni gidansu yana fitsarin kwance, ni nake shanya masa tabarma a bayan ɗaki don kada yara su gani. Saboda haka kada kowa ya zo min da zancen girman babbar riga. Na san abin da ke cikin rigar tun ba ta kai haka girma ba.

Sunana Tani. Jikan da nake magana a kansa Sharfuddin ne, ɗan ɗana Hammadu, mahauci a kwata. Sanƙarau ya kama shi yana ƙarami, Allah ya tashi kafaɗarsa, amma ɓarin dama bai dawo daidai ba. Ƙafar tana ja, hannun yana naɗewa. Ciwon kuma munafuki ne. In yaron ya huta, jikinsa da ɗumi, sai ka rantse ɗan ɗingishi ne kawai. In ya gaji, ko sanyi ya buge shi, yatsun su dunƙule kamar ya kama ɓarawo, ƙafar ta sandare kamar taɓarya. Ni na raine shi bayan rasuwar uwarsa. Ina ce masa Maigida, yana ce min amaryar da babu haƙori, haka muke.

Wuƙa ba ta zauna masa a hannu ba, sai ubansa ya saya masa tsohon keken ƙarfe yana kai wa masu abinci nama. Wanda ya san Inugu ya san gari ne da Allah ya yi shi a tsaye, in ba hawa kake ba to gangara kake. Shekaru yaron nan yana hawa tuddan nan da baho cike da nama a baya. Wata rana wani Inyamuri mai suna Udoka, mai koyar da tseren keke, yana cikin keke-napep, sai ya ga wani gurgu ya wuce su a kan tudu da cinyar saniya ɗaure a bayansa. Ya sauka ya bi shi har rumfata. Waina shida ya ci kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ya ce akwai tseren keke na naƙasassu. Ya gyara ya ce wai yanzu masu buƙata ta musamman ake cewa. Na ce to, ni ma ina da buƙata ta musamman, ya biya kuɗin waina. Ya yi dariya, ya yi min bayani da buroka, Turancin kasuwa, wanda shekara arba'in a kasuwa ta sa nake ji kamar Hausa. Ya ce ba a haɗa kowa da kowa. Aji-aji ake raba su, daga ɗaya zuwa biyar. Wanda ciwo ya fi ci shi ne aji ɗaya. Wanda ciwon ya ɗan lasa kawai shi ne biyar. Na tsakiya, wanda abin ya taɓa ƙafa da hannu amma bai kayar da shi ba, shi ne uku, kuma a ganinsa nan Sharfuddin yake. Kowa da ajinsa yake tsere, don kada mai ƙafa ɗaya da rabi ya yi ta bin ƙurar mai ƙafa biyu saura kwata.

Ni da ban taɓa shiga aji ba na gane wannan a zama ɗaya, ina juya waina. Ku riƙe wannan, don Ya'u da ya yi firamare har yau bai gane ba.

Ƙungiyarsu ta ba yaron aron keken tsere. Siriri, taya kamar taliya, sirdi kamar harshen akuya, da yatsa biyu za ka ɗaga shi. Udoka, wanda suke kira Koci, ya ce keken ba kyauta ba ne, yana hannun wanda yake kawo nasara, in nasara ta ƙare a karɓe a ba wani. Aka yi wani ƙaramin tsere a Anacha, Koci ya sa shi a aji uku da idonsa kawai, tunda ba a kai ga gwaji ba. Yaron ya bar su a baya har sai da ya sha ruwa ya goge fuska kafin na biyu ya iso. Hausawan Kasuwar Ochanja suka ɗauke shi a kafaɗa, masu albasa suka rufe shago.

A nan Ya'u ya tuna yana da jika. Mutumin da shekara da shekaru ba ya kiransa sai "ɗan ɗingis ɗin Hammadu", sai ga shi a gidana da lemo yana cewa jini ba ya ƙarya, shi ma yana yaro babu mai kama shi a keke. Na ce haka ne, ranar da ka saci na Malam liman babu wanda ya kama ka. Da aka ce babban tsere a Fatakwal za a yi, can ne masu gwaji na gaskiya za su zo su yanke wa kowa ajinsa, kuma wanda ya shiga ukun farko a ajinsa zai riƙe kekensa ya shiga sansanin horo, sai Ya'u ya ce shi zai ɗauki nauyin mota. Koci, saboda kunya da godiya, ya rubuta shi shugaban tawaga. Da a ƙafa muka tafi Fatakwal da ya fi mana arha.

Dole in faɗa muku sana'ar Ya'u, don a nan abin yake. Dillalin shanu ne a kara, tun yana saurayi. Bai taɓa sayar da saniya mai aibi ba. Aibin yana nan, bakinsa ne bai taɓa gani ba. In saniya ta rame, ya ba ta kanwa ta sha ruwa har ciki ya fito. In tana ɗingishi, ya gasa mata ƙafa da asuba ya tsayar da ita a ƙasa mai laushi. In ido ɗaya ya mutu, wannan ɓarin ne yake kallon katanga. Mai saye ya yi tambaya, kafin mai saniya ya buɗe baki Ya'u ya amsa. Aka taya, ko nawa ne, ya ce albarka. Babu wanda yake ganin laifinsa a kara, aikin kenan, mai saye ma da idonsa ya zo. Matsalar ita ce Ya'u bai san wani aiki ba bayan wannan, kuma duk inda ya ga mutum biyu suna duba abu mai rai, kasuwa yake gani.

Muka sauka a unguwar Hausawa a Fatakwal, gidan wani abokin cinikinsa. Da safen ranar gwaji Koci ya tafi da kekuna wajen da ake duba su, ya ce mu haɗu a wajen gwaji. Na fita neman koko. Ina dawowa na tarar da tsakar gida yana tururi kamar ana wankan jego. Sharfuddin zaune a kujera 'yar tsugunno, daga shi sai gajeren wando, Ya'u ya naɗe hannun riga yana gasa masa hannu da ƙafa da tawul da tafasasshen ruwa. Ya gama ya mulke shi da man kaɗanya haɗe da man zafi. Ya ɓallo ƙwaya biyu, irin wadda 'yan dako suke saya a kyamis don jiki ya saki, ya ce haɗiye. Har ruwan kanwa ya ba shi.

Na ce, "Ya'u, yaron nan haihuwa ya yi?"

Ya ce, "Yaya Tani, ba a kai kaya kasuwa da ƙura."

Na ɗauka tausayi ne ya zo masa da tsufa. Sai na ji ya rage murya yana yi wa yaron huɗuba.

"Ka saurare ni da kyau. Mutanen nan masu saye ne. Mai saye in ya ga aibi ɗaya yana haƙuri, in ya ga biyu ya kaɗe rigarsa ya tafi. Ƙafa ba ta ɓoyuwa, mun yarda da ƙafa. Hannu kuwa lafiyarsa ƙalau. Ka ji?"

Sharfuddin ya ce, "Baba Alhaji, ai Koci ya ce in nuna musu komai yadda yake."

"Kocin naka ya taɓa sayar da ko kaza?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Na ce wa Ya'u ya bar abin da bai sani ba, ya ce mata ba sa shiga kara. Na ƙudura a raina in mun isa zan haɗa shi da Koci. Muka isa Koci bai dawo ba, kuma sunan Sharfuddin aka fara kira.

Mutum ɗaya ake bari ya raka ɗan wasa ciki. Na miƙe, Ya'u ya riga ni da katin shugaban tawaga a wuya kamar ƙararrawar jagoran garke. Aka bar ni a benci bakin ƙofa. Allah ya taimake ni an ɗauke wuta, zafi ya sa suka bar ƙofar a buɗe, don haka duk abin da zan faɗa da idona na gani.

Su biyu ne masu gwajin. Wata gajeriyar likita mai tabarau, da wani dogo da aka ce tsohon ɗan tsere ne. Suka kwantar da yaron a gado. Ni a sanina likita yana duba mutum ne don ya nemo lafiya, waɗannan rashinta suke nema, kuma da natsuwa suke nema, kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa. Ta lanƙwasa ƙafa ta miƙar, ta ce tura, ta ce ja, dogon yana rubutu. Ta zo kan hannu. Ta kama shi ta fizge da sauri, don in hannu mai sandarewa ne nan yake cijewa. Hannun da na sani shekara ashirin, wanda in zan sa masa riga sai mun yi kokawa, ya tafi laƙwas kamar ƙullun waina. Ta sake. Haka. Ta ce ya taɓa hancinsa da yatsa, ya taɓa. Ta ce ya matse mata yatsu, ya matse.

Ta dube shi ta ce, "Hannun nan yana ba ka wahala in kana tuƙi?"

Ya'u ya ce, "Wane hannu? Madam, da hannun nan yake ɗaga rabin saniya."

Ta ce, "Ɗan wasa nake tambaya, Oga."

Sharfuddin yana jin Turanci, yana jin Ibo fiye da ita ma wataƙila. Ba baki ya rasa ba. Ya kalli Ya'u, Ya'u ya ɗaga masa gira. Ku gaya min, wane ɗan mutunci ne a cikinmu zai ƙaryata ƙanen kakansa a gaban baƙi? Mu muka koya musu haka, kuma ban yi da-na-sani ba, tarbiyya ce. Laifin na wanda ya hau kan tarbiyyar ya yi sukuwa ne. Yaron ya kalli ƙasa ya ce, "Ba sosai ba."

Na yi gyaran murya daga benci har sau uku, wani mai gadi ya kawo min ruwa.

Da aka ce ya miƙe ya yi tafiya, na ga Ya'u ya kama kafaɗarsa ya juya shi, ɓarin dama ya koma wajen bango. Sai da dogon ya zagaya. Suka ɗora shi a keken da ba ya tafiya, ya yi ta murzawa suna kallo. Jiki a gashe, ƙwaya tana aiki, yaron yana murzawa kamar injin markaɗe. Dogon ya duba takardarsa ya ce wa likitar, kocin yaron uku ya rubuta.

Ya'u ya ji. Ya gyara hula ya ce, "Albarka."

Suka kalle shi.

Ya ce, "Uku? Wannan yaron? Ku dube shi fa da kyau. Ku dubi ƙirji. Ku ƙara dai, Oga, ku ƙara. Ni biyar na zo da ita a raina, amma ana iya magana."

Likitar ta ce in ya ƙara tofawa zai fita. Ya ja baya yana murmushi, irin na dillalin da ya san mai saye ya riga ya kamu. Ba na cewa maganarsa ce ta sa su. Mutanen nan ba ciniki suka zo yi ba, abin da hannunsu ya taɓa suka rubuta. Amma abin da suka taɓa ba jikana ba ne, kayan Ya'u ne da ya gyara tun safe.

Aji huɗu suka ba shi, suka ce za su ƙara kallonsa a gajeren tseren gobe da safe kafin su rufe magana. Ya'u ya fito yana fifita da katinsa.

"Yaya Tani, an samu ƙari. Da matar nan ba ta da taurin kai da biyar na kawo miki."

Daidai nan Koci ya iso da gumi. Da ya ji huɗu, ya shinshina hannun yaron ya ji man zafi, sai ya nemi dakali ya zauna ya ɗora hannu biyu a ka. Ya daɗe yana magana da Ibo shi kaɗai. Sannan ya yi wa Ya'u bayanin da ya yi min a rumfa, ɗaya zuwa biyar, a hankali kamar mai koya wa yaro alwala. Ya ce har yanzu da sauran dama, gobe a bar yaron yadda Allah ya yi shi, masu gwaji za su gani da idonsu su gyara. Ya'u yana ta gyaɗa kai. Koci yana juya baya ya matso kusa da ni.

"Kin ji shi ko? Duk wanda ya ce ka karya farashin kayanka, da mai saye yake. Yana da ɗan garinsu da yake so ya ba aji huɗun."

Na ce, "Ya'u, kai jaki ne da hula."

Ranar na kwana da butar shayi da tawul a ƙarƙashin filona. Na ɓoye man, na zuba sauran ƙwayar a masai. Abin da ban yi tunani ba shi ne masallaci. Da asuba ya ce wa yaron su je jam'i, wa zai hana? Ashe ya shirya da mai shayin bakin masallaci. Bayan an sallame, a bayan wajen alwala, ya sake gasa shi da ruwan da za a haɗa wa bayin Allah shayi, ya fito da wata ƙwayar daga aljihun gaba. Suka dawo yaron yana sheƙi yana kauce wa idona.

Gajeren tseren bai kai a dafa shinkafa ba an gama. Kafin gashin ya huce ya isa. Masu gwaji suka gani, suka rufe magana a kan huɗu. Gyaran gangar Auzinawa kenan, sau biyu.

Dogon tseren washegari da yamma aka yi. Na ga 'yan aji huɗu na san mun shiga uku, ko da yake ukun ce aka hana mu. Ƙarti ne, yawancinsu ƙafa ɗaya ce ta gutsure daga ƙasan gwiwa an sa ta ƙarfe, hannu biyu lafiya lau, cinyoyi kamar turmi. Ana tashi Fatakwal ta yi halinta, ruwa ya sauko da iska. Zagayen farko Maigida yana cikinsu. Na biyu yana bayansu kaɗan. A na uku da ya wuce ta gabana na ga hannun ya dunƙule a kan kan keken, gwiwar hannu ta manne da haƙarƙari, ƙafar dama tana bin feda don dole. Na san wannan hannun. Shi ne nawa, ya dawo, amma ya makara da kwana biyu. A kwanar da ke gaba ya kasa matse birki, ya tafi kai tsaye ya faɗa kwatar gefen titi. Ya fito da jini a haɓa, ya hau, ya ƙarasa. Shi ne na ƙarshe, har masu tattara igiya sun fara aiki.

Wanda ya ci aji uku kuwa, yaron nan ne da Sharfuddin ya tsere wa a Anacha har ya sha ruwa ya jira shi. Na gan shi a kan akwatin da suke hawa, ana rataya masa abu a wuya. Ba na jin haushinsa, uwarsa ma tana can tana rawa, haƙƙinta ne.

Na nemi likitar a ƙarƙashin rumfa, zanina yana ɗiga. Na yi niyyar in wanke ta tas. Ban samu dama ba, don tana ganina ta ce, "Mama, na gani. Hannun da na gani yau ba shi na taɓa shekaranjiya ba." Na ce dama ba shi ba ne, na zayyane mata komai, tawul da man zafi da ƙwaya da mai shayi. Fuskarta ta canja. Ta jawo ni gefe ta ce in iya bakina. Ta ce a dokarsu ɓoye gaskiyar jiki ha'inci ne, ko ka ƙara ciwo ko ka rage, duk ɗaya. In aka ce ɗan wasan ne ya shirya, shekaru za a hana shi tsere. In kuwa wanda ya raka shi ne ya tsara, ya ba shi magani, ya amsa a madadinsa, to sai shi wannan mutumin ya zo gaban kwamiti da bakinsa ya faɗa, a matsayinsa na shugaban tawaga ya nemi a sake gwaji. Ta ce ba ta yi min alkawari ba, amma wannan ce ƙofar da ta rage. Na ce shi kuma me za a yi masa? Ta ce za a hana shi kusantar kowane tsere da kowane ɗan wasa.

Na ce, "'Yar nan, wannan ai ba hukunci ba ne, rahama ce ga al'umma."

Muka dawo Inugu. Ƙungiya ta aiko cewa ƙarshen watan nan za a zo a karɓi keke. Koci ya roƙa, suka ce in an buɗe maganar sake gwaji kafin lokacin za su jira, in ba a buɗe ba babu abin da zai sa keke ya zauna a hannun na ƙarshe. Ban ga laifinsu ba.

Na aika wa Ya'u sau biyu, ya ce yana da baƙi. Na ɗaura ɗamara na tafi kara da kaina, wajen da ya ce mata ba sa shiga. Na same shi yana tsakiyar ciniki da wani mai otal, hannunsa a kan tozon wata farar saniya. Yana ganina ya jawo ni bayan turke.

"Yaya, don girman Allah, ba a nan ba."

"A nan. Ranar Alhamis kwamiti yana zama. Za ka je ka faɗi abin da ka yi."

"Me na yi? Na gyara yaro na fitar da shi kunya. Yau in aka ce ɗanka ya fi yadda ake zato lafiya, zagi ne?"

"Ka ga inda ya ƙare."

"Ruwan sama ne. Ni na yi ruwan?" Ya waiga ya rage murya. "Kin san abin da kike nema kuwa? In tsaya gaban hukuma, ana rubutawa, in ce ni Ya'u Indabawa na ɓoye aibi? Kafin in dawo labari ya riga ni. Wa zai ƙara sayen ko ɗan maraƙi a hannuna?"

"Wa ye bai sani ba a karar nan?"

"Sani daban, faɗa daban. Ubanmu bai taɓa faɗa ba, kakanmu bai taɓa faɗa ba." Ya sassauta. "Bari in saya masa napep, sabuwa a leda. Ya huta da wahala. Keke ai na yara ne."

Wanzami ba ya son jarfa. Na bar shi a nan, na zagaya wajen mai otal na ce, "Oga, sa a ja maka saniyar nan zuwa kan kwalta, ka kalli ƙafar baya ta hagu." Ban ma duba saniyar ba. Na ga dai ɓarin da ke kallon katanga. Na fito ina jin ana ta hayaniya a bayana.

Abin da ya hana ni barci ba Ya'u ba ne, yaron ne. Ya koma kai nama da keken ƙarfe. Kullum ya dawo sai ya wanke hannu, ya sauko da siririn daga ƙusar da ya kafa masa a ɗaki, ya goge shi da tsumma, ya mayar. Shekaranjiya ina tankaɗe ya zo ya zauna kusa da ni.

"Amarya."

"Na'am, mijin da ya kwaso na ƙarshe."

Ya yi dariya kaɗan. Ya ce, "Ki bar Baba Alhaji haka. Tsoho ne, sunansa ne abincinsa. Ni zan je in ce ni na sha maganin da kaina."

Na ajiye rariya. Na ce, "Su hana ka tsere shekaru?"

"Ai ni na ce ba sosai ba. Babu wanda ya buɗe min baki."

"Wanda ya rufe maka shi nake nema. In ka taka tashar mota ranar Alhamis ba tare da shi ba, ban yafe tuwon da na ba ka ba."

Na san shi, kunyar da ta sa ya yi shiru a ɗakin gwaji ita za ta kai shi ya ɗauki laifin wani, ya zata ladabi ne. Shi ya sa ba ni da lokacin lallashi.

Na je wajen Sarkin Hausawa, ya ce magana ce ta cikin gida, a yi haƙuri. Na je wajen liman, ya ce niyya ake dubawa, Alhaji alheri ya nufa. Na ce to ruwan shayin masallaci fa, shi ma da niyya aka gasa? Ya ce in je zai yi nazari. Hammadu kuwa, uban yaron, in aka ambaci baffansa sai ya fara neman takalmi.

To ni ban yi haƙuri ba, kuma ba na nazari. Sarki, kai ka ɗaura wa Ya'u rawanin shugaban dillalai, kai za ka kira shi zaurenka ka sa shi a gaba. Liman, a bayan masallaci aka yi ta'asar nan, ko masallacin ba naka ba ne, ɗan'uwan naka ne. Kai kuma Ya'u, ba napep nake so ba, ba rago ba, ba ban-haƙuri a soro ba. Motar Fatakwal tana tashi da sassafe ranar Alhamis, zan zauna a kujerar da ke bayanka. Za ka shiga gaban mutanen nan ka cire hula, ka faɗi abin da ka shafa, da abin da ka ba shi ya haɗiya, da abin da ka hana shi faɗa, a sake duba min jikana da sanyinsa da gajiyarsa, a mayar da shi cikin sa'o'insa kafin a zo ɗaukar keken nan. In ka ƙi, kaskon wainata zai tashi daga Ogbete ya koma bakin kara, kuma duk saniyar da ka ɗora wa hannu ni zan fara yi wa mai saye bayaninta. Ka fito ka amsa.